Yadda ake lissafin haske a cikin kwats da kalsait ta hanyar Jones

A cikin ma'adinai irin su kwats da kalsait, gudun haske ya danganta da fuskar da filin lantarkinsa ke girgiza. Shi ya sa suke da ma'aunin karya haske biyu, no da ne: ne na hasken da ke girgiza tare da layin gani na ma'adinin, wato layin da idan haske ya bi shi ba ya ganin wannan bambanci, no kuma na wanda ke girgiza a gicciye da layin. A hasken sodiyam mai tsawon zango nanomita 589, kwats yana da no = 1.5443 da ne = 1.5534, wato bambancin Δn kusan 0.0091. Na kalsait kuwa 1.658 ne da 1.486, bambancinsa −0.172.

Hanya mafi sauƙi ita ce wadda R. Clark Jones ya fitar a 1941. Ka rubuta hasken da ke shiga a matsayin bekta mai lambobi biyu, Ex da Ey, wato girgizar filin lantarkin a kwance (x) da a tsaye (y). Mai girgiza a kwance shi ne (1, 0), mai karkata da digiri 45 kuma (1, 1)/√2. Kowace farantin da hasken zai ratsa tana da matriks mai layi biyu da ginshiƙi biyu.

Fara da jinkirin da ke shiga tsakanin ɓangarorin biyu: δ = 2πΔn·d/λ, inda d yake kaurin farantin, λ kuma tsawon zangon hasken. Ka tabbata d da λ suna ma'auni ɗaya. Idan layin sauri, wato fuskar girgizar da haske ya fi gudu a cikinta, yana kan x, matriks ɗin yana da 1 da exp(iδ) a dayagonal, sauran sifili. A kwats, layin gani na ma'adinin shi ne na jinkiri. A kalsait shi ne na sauri. Idan an juya farantin da kusurwa θ, sai ka ɗauki R(−θ)·J·R(θ), inda J yake matriks ɗin farantin, R kuma matriks ɗin juyawa.

Nan ne mafi yawan lissafi ke lalacewa. Ana ninka matriks daga dama zuwa hagu, farantin da haske ya fara taɓawa ita ce ke maƙale da bekta. Sauya jerin, amsa ta sauya, kuma kwamfuta ba za ta yi maka ƙorafi ba. Haka ma alamar δ: wasu littattafai suna rubuta igiyar da exp i(kz − ωt), wasu da akasinsa. Wanda ya haɗa matriks daga gidaje biyu zai ga haske mai kewayawa dama ya koma hagu.

Kafin ka yarda da manhajarka, gwada ta da abin da aka san amsarsa. Farantin da ke tsakanin folaraiza biyu (matatar da ke barin girgizar fuska ɗaya kawai ta wuce) da suka gicciye tana fitar da I = I0·sin²(2θ)·sin²(δ/2), inda I0 yake ƙarfin hasken bayan folaraiza ta farko. A θ = 45° da δ = π/2, rabi ne zai fita, ba ƙari ba ragi.

Kauri ma yana da tarko. Jinkirin rubu'in zango a kwats yana buƙatar maikuromita 16 kacal, siririn da ke da wuyar sarrafawa. Farantin rabin milimita tana ɗauke da zango kusan 7.7, don haka canjin λ da kashi 1 cikin 100 zai gusar da δ da kimanin digiri 28. Δn ɗin kansa yana sauyawa da launin haske da zafi, kada ka daskarar da shi a lamba ɗaya.

Lissafin Jones bai san hasken da ke dawowa daga fuskar faranti ba, alhali kwats marar rufi yana mayar da kusan kashi 4.6 cikin 100 a kowace fuska. Idan haske yana bin layin gani na kwats, ka ƙara juyawar digiri 21.7 a kowace milimita a nanomita 589. Hasken da girgizarsa ba ta gama daidaita ba sai bektar Stokes da matriks ɗin Mueller mai layi huɗu. Idan kuma ya shigo a karkace cikin faranti masu hawa-hawa, koma ga hanyar Berreman ta 1972, wadda ke lissafa igiyoyi biyu masu gaba da biyu masu dawowa a kowane hawa.