Yadda zaka gane tauraron da zai ƙare a matsayin baƙin rami

Toh abu na farko da zaka nema shine nauyin tauraron, wato ya ninka ranarmu sau nawa. In bai kai ninki 8 ba ka ajiye shi gefe, irin wannan in ya tsufa kumbura yake yi ya zubar da ɓawonsa, ya bar ɗan ƙaramin farin tauraro yana ta hucewa. Ranarmu ma haka zata ƙare.

In ya haura 8 sai ka leƙa cikinsa, kuma ni dai nan ne abin yafi burge ni wallahi. Duk tsawon rayuwarsa kokawa ake tsakanin nauyinsa da ke danno shi ciki da zafin da cibiyarsa ke turowa waje. Zafin daga haɗa sinadarai yake fitowa, haidurojin yake haɗawa ya koma hiliyom, in ya ƙare ya kama hiliyom ɗin ya maida shi kabon, a haka a haka har zuwa oksijin da silikon, kuma kowane mataki yafi na baya saurin ƙarewa, na haidurojin miliyoyin shekaru ne amma na silikon kwanaki kaɗan ne kawai. Ƙarshe sai cibiyar ta zama ƙarfe. Shi kuwa ƙarfe ko an haɗa shi baya bada zafi, shanye zafin ma yake yi, don haka da nauyin cibiyar ya kai wajen ninki 1.4 na rana shikenan, cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya ta rufta. Sauran jikin ya tarwatse, wannan fashewar ce ake kira sufanoba, irin wadda aka gani a watan Fabrairun 1987.

Yanzu sai ka auna abin da ya rage a tsakiya. In bai wuce ninki 2 da ɗan wani abu na rana ba, ya zama tauraron niyutiron, wato dunƙulallen tauraro mai matuƙar matsewa, faɗinsa wajen kilomita 20 kacal. In kuwa ya haura wajen ninki 3 babu abin da zai iya tare shi, ruftawa zai ci gaba da yi har haske ma ya kasa fitowa, wannan shine baƙin rami. Galibi taurarin da suka fara da ninki 20 zuwa sama ne ke kaiwa nan.

Kana so kasan faɗin iyakar ramin? Ka ninka nauyinsa da kilomita 3. Mai ninki 10 kenan kilomita 30 daga tsakiya zuwa baki, duk abin da ya ƙetare nan baya dawowa.