Yadda za ka sa AI ya taya ka rubuta kod ba tare da ya kai ka ya baro ka ba

Tun da GitHub Copilot, AI mai taya rubuta kod ɗin manhaja, ya fito a 2021, ChatGPT ya biyo baya ƙarshen 2022, yaran da muke haɗuwa da su a Yelwa ta Bauchi, yawanci 'yan jami'ar ATBU, duk wanda ka leƙa kwamfutarsa AI ne ke buga masa kod. Ba laifi, nima kullum da shi nake aiki. Amma ka ɗauke shi kamar sabon yaron shago, ga zafin nama ga ƙwaƙwalwa, sai dai bai san kasuwar ba, kuma da wuya ka ji ya ce maka bai sani ba.

Toh kafin ka ba shi aiki ka faɗa masa inda kake tsaye. Yaren kod ko tsarin da kake rubutu da shi da sigarsa, Python 3.12 ne ko Laravel 11, sannan abubuwan mu na nan gida da ba lallai ya kawo su a ransa ba. Na taɓa haɗa wa wani mai shagon firobishin a Wunti manhajar karɓar kuɗi, Paystack kuwa, kafar karɓar kuɗi ta intanet da na yi amfani da ita, a kobo yake lissafi, ₦5,000 sai ka tura 500000, ni ban faɗa wa AI ɗin ba shi kuma bai tambaya ba, ya zubo kod tsaf-tsaf gwanin sha'awa, ina gwadawa na ga ₦50 aka cire. Allah ya so ni da makullin gwaji nake, wanda ba ya cire kuɗin gaske, wlh. Haka lambar waya, ka ce masa lamba 11 ce mai farawa da 0, wasu kuma da +234 suke rubutawa. In rumbun bayananka MySQL ne ka ce tsarin haruffa na utf8mb4 kake so, kar ka wayi gari Ɗanladi ya koma ?anladi.

Kar ka ce masa "gina min manhajar makaranta" gaba ɗaya. Yanka aikin gunduwa-gunduwa, yau shafin shiga, in ya tsaya da ƙafarsa sai rajistar ɗalibai. Kuma ka yi kwamit a git, wato ka adana kwafin aikinka yadda yake, kafin ka bar shi ya taɓa fayilolinka, musamman irin su Cursor, manhajar rubuta kod mai AI, da ke gyara fayil da yawa lokaci guda, in ya ɓata sai ka dawo baya kawai.

In eror, wato saƙon kuskure, ya fito kwafo shi duka ka liƙa masa, "baya aiki" ba bayani ba ne.

Abin da mutane suka fi yi wa kasala shi ne karanta abin da ya rubuta. Layin da ba ka gane ba ka ce ya yi maka bayani, da Hausa ma yana ƙoƙari sha, ko da yake wani sa'in Hausar tasa sai a hankali. Yana ƙirƙiro sunan fakej, wato kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta ake saukewa, da babu shi a duniya, don haka ka duba rumbunan fakej irin su npm ko PyPI da idonka kafin ka sauke. Fayil ɗin .env, inda ake ajiye sirrin manhaja, da makullan sirri da bayanan kwastoma kuwa kar ka kuskura ka liƙa masa su.

In kun yi sau uku yana ba ka haƙuri yana maimaita kuskure ɗaya, rufe hirar, datarka kawai kake ƙonawa. Buɗe sabuwa ka sake bayani daga farko, wannan karon da kobon a ciki.