Yadda ake shiga ƙalubalen cinye tulin abinci ba tare da an kwana asibiti ba

Tun ranar da bidiyon nan ya zaga, wanda na zauna gaban tiren waina can wajen Ƙofar Ƙaura na tashi da guda 35, kullum sai wani ya tare ni, wai malam ina kake zuba su kai da kake kamar sillen kara. Har wani dattijo a masallacin unguwarmu ya ja ni gefe ya ce ɗana faɗa mani gaskiya, ko dai mutanen ɓoye ke taya ka. Wallahi babu wani aljani, dabara ce kawai, kuma sai da na sha kunya a bainar jama'a kafin na koye ta.

Abin dai ba mu muka fara ba. A garin Amarillo da ke jihar Teksas ta Amurka akwai gidan abinci Big Texan, tun shekarun 1960 suke ajiye ma mutum gasasshen naman sa mai nauyin kilo 2 da ɗan ɗoriya, ga dankali ga salak ga burodi ga jatan lande, su ba ka awa ɗaya. Ka fara ajiye dala 72, in ka cinye tas su maido maka kuɗinka, in ka gaza sun ci. A 2015 wata mata siririya, Molly Schuyler, ta cinye irin wannan har kashi uku cikin minti 20. Mu nan Katsina ni dai ban taɓa ganin gidan abincin da ya kafa allo ya ce zo ka gwada ba, shi ya sa mu ke haɗa namu da kanmu, mu da mai waina ko mai gurasa ko mai tsiren da muka saba da shi.

Mataki na farko, tambayi jikinka

In kana da olsa, ciwon suga, hawan jini, ko an taɓa yi maka aiki a ciki, ko ƙwarnafi na yawan taso maka da dare, tsaya nan, ka zo kallo kawai ko ka riƙe mana agogo. Mai ciki da yara ƙanana ba ma a maganarsu. Don Allah kada wani ya ga bidiyo ya tara ƙannensa a tsakar gida ya ce su yi gasa.

Na biyu, zaɓen abinci da ƙulla sharaɗi

Ka fara da abin da bakinka ya sani, mai laushi, mai miya. Waina da miyar taushe ita ce ta masu koyo, sai taliya, sai shinkafa da miya. Gurasa tana da daɗi amma in ta sha ruwa a ciki kumbura take. Ɗan wake kuwa mugu ne, kana ganinsa ɗan mitsitsi a faranti, in ya sauka ya zauna kamar an zuba kankare. Tsire da balangu ba cikinka za su fara gajiyarwa ba, muƙamuƙinka ne zai ce ya tuba. Kilishi kada ka ma soma.

Sai sharaɗi, kuma a gama shi kafin a ɗora tanda: guda nawa, minti nawa, miyar ma sai an shanye ko a'a, an yarda ka miƙe tsaye ko dole a zaune. A Big Texan in ka fara ba ka barin teburin, ba mai taɓa maka faranti, in amai ya zo shikenan ka faɗi, mu ma haka muka ɗauka. A sa mutum ɗaya alƙali, wanda ba abokin kowa ba in da hali, don gardamar da ke biyo bayan waina ta 29 da rabi ba ƙarama ba ce.

Abu ɗaya da ba mu yi, ba mu tara kuɗi a ce wanda ya ci ya kwashe, wannan ya shiga layin caca. Mai ci ya biya abincinsa tun farko, in wani daga gefe ya ga dama ya yi kyauta bayan an gama, wannan ruwansa. Kuma wanda Allah ya kai shi Ingila ko Amurka yana son gwada nasu, ya tambayi abin da ke cikin farantin tukuna, yawancin manyan farantan karin kumallo na Ingila cike suke da naman alade.

Na uku, shiri, kuma nan ne kowa ke faɗuwa

Bari in ba ku labarin kunyata. Karon farko da na ce zan cinye waina 30, tunanina irin na kowa ne, wato in tara yunwa. Tun daren jiya ban ci komai ba, na wuni ko ruwan kirki ban sha ba, na iso ina jin zan iya cinye mai wainar da tandarta. Guda goma na farko ko tauna ban yi ba. A ta goma sha huɗu sai na ji kamar an ɗaure mani ciki da igiya, zufa ta karyo, man ya ginshe ni, ta goma sha bakwai na riƙe ta a hannu ina kallonta tana kallona. Innar da ke suyar ta leƙo ta ce "ɗan nan ajiye, kada ka mace mani a bakin tanda." Abokai suka yi ta dariya, har yau akwai mai kirana Sha Bakwai.

Abin da ban sani ba lokacin shi ne cikin da ya wuni babu komai ba ya son a buɗe shi da ƙarfi, kamar dai mai buɗe-baki da azumi, ka tara kwanuka bakwai gabanka amma kunu kofi biyu da ƙosai huɗu sun gama da kai. Cikin mutum in ya ci ya ƙoshi yana ɗaukar kamar lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, amma jaka ce mai miƙewa, ana koya mata buɗewa a hankali.

Ga yadda nake yi yanzu. Kwana huɗu ko biyar kafin ranar, sau ɗaya a wuni nake cika cikina da abu mai yawa amma mara nauyi, kabeji, latas, gurji, kankana in lokacinta ne, har in ji na ƙoshi sosai, ba har in ji zafi ba. Saura kamar awa 20 sai in ci babban abinci na ƙarshe, a nan nake cika ciki da gaske. Ranar kuma da safe shayi da ɗan abu kaɗan, ko koko, sai ruwa jefi-jefi, in shiga bayi in rage kaya, in ɗan taka da ƙafa don yunwa ta taso daidai. In nama ne za a ci ina tauna cingam 'yan kwanaki don muƙamuƙi ya saba.

Za ku ga wasu a YouTube suna cewa a riƙa ɗura ruwa lita-lita lokaci guda don ciki ya buɗe. Kada ku yi, ina roƙonku. Ruwa in ya yi yawa a ɗan lokaci yana tsinka gishirin da ke cikin jini, ƙwaƙwalwa ta kumbura. A 2007 wata mata a Kaliforniya ta rasu bayan gasar shan ruwa da wani gidan rediyo ya shirya, ruwa fa zalla.

Na huɗu, lokaci da wurin zama

Bayan Isha'i. Ban yarda da wani lokaci ba, don na taɓa yi bayan La'asar, da aka kira Magariba na zo ruku'u sai da na ji waina ta dawo har maƙogwaro, ban san me liman ya karanta ba ranar. Sa jallabiya ko wando mai tazuge, bel ba naka ba ne yau. Kada ka zauna a tabarma ka tanƙwashe ƙafa kamar cin tuwon gida, zaman nan yana matse ciki, nemi benci ka miƙe bayanka, in sharaɗi ya yarda ma ka ci a tsaye. Ruwa ya zama mai ɗumi ko wanda bai ga firij ba, ledar fiya wata guda biyu sun isa.

Kuma kada ka taɓa yi kai kaɗai a ɗaki don kana son bidiyo. Babban haɗarin harkar nan shaƙewa ne, loma ta tsaya a maƙogwaro. Dole a samu wani kusa da ya san abin yi: in mutum yana tari a bar shi ya yi tarin, in kuwa ya kasa magana ya kasa numfashi ya kama wuyansa, a sunkuyar da shi a buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu da ƙarfi sau biyar, in bai fito ba a zagayo ta bayansa a dunƙule hannu sama da cibiya a fizgo ciki da sama sau biyar, a yi ta maimaitawa ana neman abin hawa zuwa asibiti. Ba ruwa ake ɗura masa ba.

Na biyar, cin kansa

Yi bismilla, da hannun dama. Minti goma sha biyar zuwa ashirin na farko su ne jarinka, don kusan haka ake ɗauka kafin saƙon ƙoshi ya isa ƙwaƙwalwa sosai, saboda haka a nan za ka yi yawancin aikin, amma da tafiya ɗaya ba gudu-tsaya ba. Ƙananan loma, tauna, haɗiye, na gaba na hannu. Ni raba wainar nake biyu in tsoma a miya har ta jiƙe, kuma wannan ba wayona ba ne, wani Bajapane ne Takeru Kobayashi ya zo gasar cin hot dog (burodi mai nama a tsakiya) ta Nathan's a Niyok a 2001 yana karya shi gida biyu yana tsoma burodin a ruwa, ya cinye 50 cikin minti 12 alhali kafin shi ana ta fama a ashirin da 'yan kai. Shi ma ba wani ƙato ba ne. Wani Ba'amurke Joey Chestnut ya zo ya kai 76 cikin minti 10 a 2021, amma waɗannan sana'arsu ce, kada ka auna kanka da su.

In farantin haɗe ne, nama da shinkafa ko nama da gurasa, fara da naman tun yana da zafi, don in ya huce kitsen ya daskare sai ka ji kamar kana tauna roba. Ka ce ma mai suya ta riƙa kawowa kashi-kashi, goma-goma, ganin tulin gaba ɗaya ma yana karya zuciya. Yaji kaɗan da farko, ka ajiye shi sai lokacin da abincin ya ginshe ka, nan ne ɗan yaji ko yankan albasa ko lemon tsami zai canza maka baki ka ƙara biyar. Lemon kwalba kuwa sai can ƙarshe, kurɓi ɗaya don gyatsa ta fito. In ka ji ya tsaya a ƙirji miƙe ka ɗan girgiza jiki, gyatsa ɗaya mai kyau wurin waina biyu ce.

Sai sanin inda za ka tsaya. Nauyin ciki da zufa da jin ka tsani abincin, wannan duk cikin wasa ne. Amma ciwo mai suka, jiri, yawu na tsinkewa a baki, ko numfashi na yi maka wuya, ajiye kawai. 'Yan kallo za su yi ta "saura uku, saura uku", ba su za a kai asibiti ba.

Na san akwai mai karantawa yana cewa wannan ai israfi ne, kuma ban ce ya yi ƙarya ba. Ayar tana nan a Suratul A'araf, ku ci ku sha kada ku yi ɓarna, ga hadisin kashi uku, ɗaya abinci ɗaya ruwa ɗaya numfashi, malamin islamiyyarmu ma ya karanto mani su ido cikin ido. Abin da na iya yi shi ne na rage abin ya koma sau uku ko huɗu a shekara, kuma dalilin kawowa goma-goma ke nan, abin da hannuna bai taɓa ba yana nan da tsabtarsa a juye ma almajiran da ke tsaye, sannan duk ranar da zan yi sai na sayi kwatankwacinsa na bayar. Ko hakan ya wanke ni, wannan sai malamai.

Na ƙarshe, bayan an tashi

Kada ka hau mashin nan take, ramukan hanya za su yi maka hisabi. Taka a hankali, ni daga wurin nake takawa har gida. Kada ka kwanta sai bayan awa uku, in za ka kwanta ka tada kai da filo biyu ka juya hagu. Kada ka sa yatsa a maƙogwaro don ka rage, yunƙurin amai da ciki a cike yana iya yaga maƙoshi. In ciki ya yi tauri kamar ganga yana ciwo ba sassauci, ko ka ga jini a amai, a tafi asibiti a daren, kada a tsaya jiƙa kanwa. Washegari ruwa, kunu, ganye, ba wanda zai ma ce maka, ko ƙamshin suya ba za ka so ji ba.

Ranar da na cika 35 ɗin Inna ba ta ce komai ba sai da ta gama kankare tanda, sannan ta ɗago ta ce "to Sha Bakwai, yau kam ka fanshi kanka, amma wadda za ta aure ka a gaya mata ta zo da babbar tukunya." Abokai yanzu sun matsa wai sai in gwada ɗan wake bayan Babbar Salla, na ce masu malmala ashirin ko ɗaya ba zan ƙara ba.