Darasi na 9: Sauya Kan Babur

Duk wanda ya taɓa hawa babur daga Katsina zuwa Daura, ya bi ta Mashi, ya san abin da tafiyar wajen kilomita 80 take yi wa jiki. In kan babur ya karkace, ko ya yi ƙasa da yawa, kafin a isa wuya ya ƙage, yatsu sun mutu. Kan babur shi ne ƙarfen da kake riƙewa kana sarrafa tafiya. A jikinsa totur yake, da hannun birki, da hannun kuloci, da madubi, da maɓallan fitila da na oda.

Babur ya faɗi, kai ya lanƙwashe, sai ka ji an ce a gasa shi a wuta a miƙe. Kada ka yarda. Ƙarfen da ya lanƙwashe aka miƙe shi ya riga ya yi rauni, kuma ba ya sallama ranar da zai karye. Sabo za ka saya.

Kafin ka tafi kasuwa, auna kaurin tsohon. Yawancin baburan da muke hawa, irin su Boxer da Jincheng, kaurin kansu milimita 22 ne. Manyan baburan doguwar tafiya na Amurka, kamar Harley-Davidson, galibi nasu inci 1 ne, wato milimita 25 da ɗoriya. Mai kauri ba zai shiga mazaunin siriri ba. Abin da ya fi sauƙi, ɗauki tsohon ka je da shi wurin mai kayan gyara.

Kayan aiki ba su da yawa: sufana, sukudireba, alanki (ɗan lanƙwasasshen ƙarfen kwance noti mai rami a ka), tsumma, da ruwan sabulu.

Kafa babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, a wuri mai tauri. Cire wayar batir, ka fara da baƙar. Shimfiɗa tsumma a kan tanki don kada fenti ya kwarzane. Sannan ka ɗauki hoton kan da wayarka, ta gaba da ta gefe. Mutum yakan ɗauka zai tuna inda kowace waya ta bi, amma da an kwance sai duk su yi kama da juna.

Fara da madubi. Bi da maɓallai, sai hannun kuloci da na birki. Robar hagu a manne take, zuba mata ruwan sabulu ka murɗa, za ta fito. Totur ba a fizgarsa: sassauta shi kawai, in ka ɗaga kai sai ka zare shi. In birkinka na mai ne, kada ka kifar da ɗan kofin man, ɗaure shi a tsaye. Daga nan kwance notuna huɗun da suka riƙe kan a tsakiya. Zuba su a kwano, kada su faɗa cikin rairayi.

Zura totur a jikin sabon kai tun kafin ka ɗora shi. Tsakiyar kan tana da wuri mai kaushi, shi zai zauna daidai a mazauni, hagu da dama su zo ɗaya. Ɗaura notuna sama-sama, hau babur, miƙa hannu. In gwiwar hannunka ta ɗan lanƙwashe, bayanka a miƙe, to ya zauna. Yanzu ƙara ɗaurewa kaɗan-kaɗan, kana zagayawa, kada ka gama da noti ɗaya ka bar sauran. Sannan mayar da duk abin da ka kwance. A cikin gidan maɓalli akwai ɗan haƙori da yake shiga rami a jikin ƙarfe. In sabon kai ba shi da ramin, a huda masa. Waɗansu sukan karya haƙorin don sauri, daga baya gidan totur ya riƙa juyawa a hannu.

To ga inda nake so kowa ya kasa kunne. Sabon kai in ya fi tsohon tsawo ko faɗi, wayoyin totur da kuloci da birki sukan gaza. A tsaye ba za ka gane ba. Sai ka zo kwana, ka juya kai, wayar totur ta ja kanta, babur ya zabura ba kai ka murɗa ba. A cunkoson Ƙofar Ƙaura, tsakanin masu Keke Napep da yara 'yan makaranta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na ji wani bakanike yana gwada yaronsa a kan haka.

"Oga, na gama."

"Ka tayar ka juya kai?"

"A'a, Oga."

"To ba ka gama ba. Tayar."

Ga gwajin. Mayar da wayar batir, tayar da inji, bar shi a furi. Juya kai zuwa hagu har ƙarshe, sannan dama har ƙarshe. Saurara. In ƙarar inji ta ƙaru, waya ta yi gajarta ko ta maƙale: kashe, ka gyara mata hanya, ko ka sayi doguwa. Murɗa totur ka saki, dole ya koma da kansa nan take. Duba kada kai ya bugi tanki ko ya matse maka babban yatsa. Gwada birki, oda da fitila. Sa hular kwano ka zaga unguwa a hankali, ka dawo ka sake taɓa notunan nan huɗu.

Aikin gida: rubuta kalmomin nan sau uku a littafinka: totur, birki, kuloci, noti. Auna kaurin kan babur guda biyu a unguwarku, ka rubuta lambar da ka samu, ka zo da ita aji ranar darasi na gaba.