Katin cikin akwati: yadda ake riƙe lissafin kwanson harsashi

Muna zaune a falo nan Dammam bayan isha'i, Hajiya ta kawo gahawa da dabino, sai ga saƙon murya daga ɗan ƙanena da ke aiki a Texas. Ya shiga ƙungiyar masu harbin bara, ya sayi injin sake ɗura harsashi, har ya fara tara kwanso a cikin bokitin fenti. Tambayarsa guda ce: "Baffa, sau nawa ake sake ɗura kwanso ɗaya kafin a jefar?" Na ce ya fara gaya mini sau nawa aka harba waɗanda ke cikin bokitin. Shiru. Can sai ya turo dariya.

Ni a Tulsa na koyi abin, cikin shekarun 1980, lokacin da aka tura mu karatun man fetur a jihar Oklahoma. Wani tsoho maƙwabcina ne ya zaunar da ni a garejinsa. Da zan dawo na bar masa injin da komai, domin a nan Saudiyya bindiga da harsashi sai da lasisin Ma'aikatar Cikin Gida, ba harkar da mutum zai buɗe wa kansa a ɗaki ba ce. Saboda haka wannan bayani na wanda yake inda doka ta yarda ne. Ba kuma zan taɓa maganar awon albarushi ba, wannan yana cikin littattafan kamfanonin da ke yin sa. Maganar kwanso kaɗai zan yi.

Kwanson harsashi tagulla ce, kashi 70 jan ƙarfe, kashi 30 zinki. Duk harbi sai ya kumbura ya manne da bangon ɗakin bindiga, wato ramin da harsashi ke zama a cikinta, duk ɗuri kuma sai injin ya matse shi ya koma girmansa. Wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta karye ya san ƙarshen labarin: tagulla tana taurara da aiki, in ta taurara sai ta tsage. Wuya ne ke fara gajiya. Ban da wannan, kwanson yana ƙara tsawo, tsawon nan kuwa ba daga sama yake faɗowa ba, daga bangon kusa da gindi ake cire shi. Nan ne haɗarin yake, nan ne kuma ido ba ya gani.

Abu na farko da tsohon ya hana ni shi ne bin kwanso ɗaya-ɗaya. Garke ake kiwo, in ji shi. Ka sayi 50 ko 100 sababbi, na kamfani ɗaya, ka zuba su a akwatin robar nan mai ramuka, shi ke nan sun zama 'yan gida ɗaya. Tare za a ɗura su, tare za a harba, tare za a wanke, tare za a yanke tsawon da suka ƙara. Ba a fara zagaye na uku da wasu alhali saura suna na biyu. In ka je fili ka harba 30, ka mayar da kwanson ramukansu a kife, baki ƙasa, ka bar 20 ɗin da ba a harba ba a tsaye, ka jira sai an gama da su kafin injin ya taɓa ko guda. Kuma kowane garke na bindiga ɗaya ne, domin ɗakin kowace bindiga da nasa faɗin.

A cikin murfin akwatin sai ka manna kati. Ni da fensir nake rubutu, domin man shafa kwanso yana cinye tawadar biro. A sama: lambar garke, sunan kamfanin da ke buge a gindin kwanso, ranar saye, da bindigar. A ƙasa kowane zagaye layi guda: kwanan wata, harbi na nawa, tsawon da ka auna, ko an yanke, ko an gasa wuya, nawa aka zubar kuma saboda me. Wannan na ƙarshen mutane ke raina, alhali shi ne ke magana. "Biyu, tsagewar wuya" a zagaye na shida, "biyar, tsagewar wuya" a na bakwai, ai katin ya riga ya gaya maka abin da na takwas zai zama. Ka kuma kwafe layin a daftari, domin kati yana ɓata.

Lokacin rubutawa ma yana da ƙa'ida. Ka zaɓi guda, ko ranar ɗuri ko ranar harbi, kada ka riƙa sauyawa. Ni ranar harbi nake ƙara lamba, tun ina filin, kafin in shiga mota.

Wasu suna sa alama a jikin kwanson kansa. Tawadar alƙalamin maka tana gogewa a injin wanki, sai dai ka sake shafawa kowane zagaye. Jan farce a cikin rubutun gindi ya fi daɗewa, na taɓa yin haka da launi uku don in raba garke uku da suka yi kama, har matar tsohon ta riƙa tsokanata wai na fi ta kayan kwalliya. Akwai masu yin ɗan tsagi da magagari a gefen gindi bayan kowane harbi, su ƙirga tsagi su san shekaru kamar mai duba haƙoran rago. Yana aiki, amma kwanso 100 sau tsagi 100, ni dai raina bai ɗauka ba. Launi don sanin gida, kati don sanin shekaru, ya ishe ni.

Yanzu ga inda na sha wuya. Garkena na harsashi samfurin .308 Winchester ya ragu daga 50 zuwa 46, ramuka huɗu a buɗe suna damuna kamar giɓi. Na tsinci huɗu a ƙasan filin harbi, kamfani ɗaya, suna ƙyalli, na cike gurbin. Zagaye biyu bayan haka na ja kunama, na ji iska mai zafi ta daki fuskata. Da na buɗe bindigar, gindin kwanso kaɗai ya fito, kamar an yanka da wuƙa, sauran jikin ya maƙale a ciki. Tabarau ne ya tsare mini ido, da ikon Allah. Tsohon ya ɗauki guntun ya juya shi, ya ce mai shi na farko ba yarwa ya yi da kuskure ba, gajiya ya ga ya yi. Tun ranar ramin da ya buɗe a akwatina haka yake zama a buɗe. Kwanson tsintuwa kuwa garkensa daban, a katinsa in rubuta "ba a san asali ba".

In garke biyu suka cakuɗe fa? Zai faru, ko a injin wanki ko yaro ya tuntsurar da akwati. Mu da muka tashi kusa da Harami mun san hukuncin mai kokwanto a ɗawafi: in ka rasa ko biyar ka yi ko shida, ka yi gini a kan ƙaramin. To a nan juyawa ake yi. In na zagaye uku sun haɗu da na zagaye shida, dukkansu sun zama na shida.

Sai dai lamba ba ita ke yanke hukunci ba, tana gaya maka ne yaushe za ka tsananta bincike. Shi ya sa ban ba yaron amsar da yake so ba. Kwanson ƙaramar bindiga mai miƙaƙƙen jiki, irin .38 Special, yakan yi zagaye da yawa har sai bakinsa ya tsage. Mai wuyan kwalba na babbar bindiga bai kai haka ba. Bindiga mai ɗura kanta irin M1 Garand tana wahalar da kwanso ƙwarai, masu ita da yawa ba sa wuce harbi huɗu ko biyar. Tsohuwar Lee-Enfield ta Ingila mai .303 ita ma sananniya ce wajen miƙar da kwanso. Wanda kuma ke tura kafaɗar kwanso baya fiye da kima wajen matsewa, shi da hannunsa yake rage masa kwana.

Binciken kansa ba wuya. Bayan wanki da matsewa, ka auna tsawo da ma'aunin nan mai muƙamuƙi na makanikai. Iyakar .308 inci 2.015 ce, ana yanke shi zuwa 2.005. Na .223 Remington iyakarsa 1.760, ana mayar da shi 1.750. Bambancin wajen rubu'in milimita ne kawai, amma kwanson da ya zarce yakan cusa bakinsa gaba ya shaƙe ƙwayar harsashi, matsi ya hau. Ka ƙirga yankan a kati. Tsofaffin hannu suna cewa garken da ya nemi yanka na biyar ya gama aikinsa, ni ma a kan haka na tsaya.

Sannan ka miƙe kilif ɗin takarda, ka lanƙwasa bakinsa kaɗan kamar ƙugiya, ka zura cikin kwanson har gindi, ka jawo shi a hankali yana gogar bango. In ka ji ya faɗa wani ɗan kwari kusa da gindi, wannan kwanson ya kusa rabuwa biyu. Wani lokaci daga waje za ka ga siririn zobe mai haske a daidai wurin. Kada ka tsaya a kan guda ɗin: in biyu ko uku suka nuna haka a garke ɗaya, duka nake sallama, tunda tare suka sha wahalar. Haka in firaima, 'yar hular nan da ke tayar da wuta, ta shige raminta ba tare da ka ji turjiya a hannu ba, ramin ya buɗe, babu gyara.

Gasa wuya da wuta yana dawo masa da laushi, yana rage tsagewa, amma wuya da kafaɗa kaɗai, gindi ba ya son zafi ko kaɗan. Kuma ba ya mayar da lissafi sifili. Na ga masu yin haka, sai ka ce rinin gemu yana rage shekaru. Bangon da ya sirance ya sirance.

Wani abu da zaman gaɓar teku ya sa nake yawan tunawa: kada man goge tagulla mai amoniya ya kusanci kwanso. Sojojin Ingila a Indiya sun riƙa samun harsasansu a tsage bayan damina, sai daga baya aka gano amoniyar fitsarin dawakai ce a bargar da ake ajiye su, ta haɗu da laima. Houston ta can Texas kuwa wajen laima ba ta bar Dammam da nisa ba. Ka ajiye akwatunanka a busasshen wuri, nesa da kayan wanke banɗaki.

Kwanson da ka yanke wa hukunci, ka matse bakinsa da filaya kafin ka jefa shi bokitin 'yan gwangwan, don kada wani ya tsinta ya ga yana ƙyalli. Ka leƙa cikin na tsintuwa da tocila ma: rami ɗaya a tsakiya shi ne samfurin Boxer da ake sake ɗurawa, ƙananan ramuka biyu na Berdan ne, zai karya maka allurar injin.

Yaron ya sake turo saƙo da asubar nan, wai to bokitin fentin fa, kwanso ya fi 400 a ciki. Na ce ya zazzage su a tabarma, ya ware na ƙarfe da maganaɗisu, ya tsince na alminiyam, ya raba saura bisa rubutun gindi, ya bi kowanne da kilif, ya rubuta musu "ba a san asali ba". Ya ce, "Baffa, ai wannan aikin sati ne." Na ce masa akwatin sababbi 100 dai ana sayarwa a garin nasu.