Shawara ga masu shago da sito a wurare daban

Assalamu alaikum 'yan uwa 'yan kasuwa. Da ku nake, musamman masu shago a Kasuwar Sabon Gari ta Zariya amma sito yana Tudun Wada ko PZ.

Kafin ku biya kuɗin kowace manhajar lissafi, ku sa mai tallanta ya gwada muku abu ɗaya a gabanku. Ya shigar da cinikin katan 10 na taliya, rabi kuɗi hannu, rabi bashi. Sai ku duba da idonku: kayan sito sun ragu da 10 nan take? Bashin ya hau kan sunan mai saye? Kuɗin ya shiga cinikin ranar? Idan har sai an sake rubutawa a wani wuri, to ba ta rage muku wahala ba, ku bar ta. Amfanin tsarin da ake kira ERP ke nan, a shigar sau ɗaya ya bayyana ko'ina, har gargaɗi yana yi idan kaya sun kusa ƙarewa.

Manhajojin ERP guda biyu, Odoo da ERPNext, duk suna da nau'in da ba a biyan kuɗin lasisi, sai dai ladan wanda zai saita muku, kuma ku nemi na kusa da za ku iya kira.

Ku tambaya ko tana aiki idan sabis ya ɗauke. Sannan don Allah kowane yaron shago ya samu lambar sirrinsa shi kaɗai, kullum da yamma a daidaita cinikin da abin da ya shigo ta POS da taransifa kafin a kulle.