Yadda ƙungiyar matsar man gyaɗa za ta raba aiki da riba ba tare da rigima ba

Ƙungiyoyin mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a Damagaram, Mirya ko Matamai suna iya watsewa ranar rabo, in an haɗa ladan aiki da ribar jari wuri guda. Ku raba su tun farko.

Ku fara da kaye biyu, wato littattafan rubutu. Na ɗaya na hannun jari: a tsai da ƙafa guda, misali sefa 5,000, kuma kada kowa ta wuce ƙafa biyar, don kada mai kuɗi ta mallake ƙungiya. Na biyu na aiki ne, ana cika shi a ranar, gaban kowa. Aiki ba ɗaya ba ne: suyar gyaɗa da matse tunkuza maki 2, tsinta da ɗura mai a kwalba maki 1, kai kaya kasuwar Dole maki 2 tare da kuɗin mota. Wadda haihuwa ko rasuwa ta hana zuwa tana iya aiko ƴarta, makin na uwar ne.

Ƙarshen wata kada a taɓa kuɗi sai an cire na niƙa, itace, kwalabe da gyaɗa. A nan ake yawan faɗawa rami. Gyaɗar da kuka saya da araha lokacin kaka, ku lissafa ta a farashin tiya na yau. In ba haka ba, za ku raba uwar kuɗi kuna cewa riba, bazara ta zo ba ku iya sake cika buhu.

A ce sefa 100,000 suka rage. Ku ajiye 20,000 don gyara da tsadar gyaɗa, 50,000 ladan aiki, 30,000 ribar jari. In makin wata ya kama 100, kowane maki sefa 500 ke nan. Mai maki 12 ta ɗauki 6,000 ko da ƙafarta ɗaya ce. In ƙafafu 60 ne, kowace ƙafa 500.

Bashi shi ne ɗaya ramin. ƴar ƙungiya da ta ɗauki mai, a rubuta, a cire daga rabonta kafin kuɗin su shiga hannunta, ko shugaba ce.

Akwatin kuɗi ya zama mai kwaɗo uku, makullai a hannun mutum uku da ba gida ɗaya suke ba, kamar yadda ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara suka saba. Mai rubutu daban, ma'aji daban. In kuna son rajista, dokar OHADA (ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta ƙasashen Afirka, har da Nijar) ta 2010 ta yarda mutum biyar su kafa ƙaramar ƙungiyar haɗin gwiwa, kuma mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya ne, komai yawan jarinsa. Ku sa wannan tsarin rabo cikin takardar dokokinku, a karanta shi da Hausa, kowa ta dangwala yatsa.